Jinyar Inna ta kusa kwantar da ni

An haife ni a Jega tun muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato, ina firamare aka yanke mana jihar Kebbi a 1991. Mu bakwai Inna ta haifa, biyu suka koma tun suna goye, muka rage biyar, maza uku mata biyu, ni ce ta tsakiya. Baba manomin shinkafa ne a fadama, da rani kuma yana taɓa fataucin albasa. Inna ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, kuma duk unguwarmu an san hannunta.

Na tashi na tarar da kakarmu ta wajen uba a kwance, ta yi shekaru ba ta fita ko tsakar gida. Amma ban taɓa jin an ce wance ce ke jinyarta ba. Gidan cike yake da mata: Inna da abokiyar zamanta, matan baffanninmu biyu, ga 'yan mata masu tasowa. Wadda ke da girki ita ke da tsohuwa a ranar, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci, ta kwana ɗakinta, gobe ta miƙa wa wata. Shi ya sa na girma ina ganin jinyar tsoho abu ne da ke tafiya da kansa a cikin gida, ba ya cin kowa.

Wancan gidan ya watse a hankali. Baffanni suka raba gado kowa ya gina nasa. Babban yayanmu ya bi albasa har Legas ya zauna can, yana kasuwar Mile 12. Mai bi masa ya samu aiki a Abuja. Ƙanwata aka kai ta Gusau. Autanmu ne ya riƙe gona, shi ma ya yi ginin kansa a bayan gari. Ni na yi Kwalejin Ilimi ta Argungu na fara koyarwa a firamare, na yi aure a Birnin Kebbi, auren ya mutu a 2017 na dawo gida da 'ya'yana biyu. Shekara na zagayowa Baba ya rasu, abokiyar zaman Inna ta koma wajen ɗanta. Gidan da ake tuƙa tuwo a babbar tukunya ya koma ni da Inna da yara biyu.

Inna ta daɗe da hawan jini. Maganin kuwa sai ranar da kanta ya sara take sha, in ya lafa ta ajiye, ta ce ita ba za ta mayar da cikinta kemis ba. Da yawa daga cikin tsofaffinmu haka suke yi, alhali hawan jini yana ɓarnarsa ko mutum bai ji komai ba. A damina ta 2020 ruwa ya yi ambaliya ya cinye shinkafar Kebbi, tamu na ciki, kuma da bashi auta ya yi noman. Inna ta sa abin a ranta ƙwarai. Da sanyin hunturun shekarar, wata asuba ta fita alwala na ji faɗuwar buta. Na same ta a ƙasa, bakinta ya karkace, hannun hagu da ƙafar hagu sun saki.

Kafin hantsi gida ya cika da shawara. Masu cewa iska ce ta buge ta, masu kawo hayaƙi, kawunmu kuma ya ce a ɗauke ta zuwa Aliero wajen masu ɗori, tunda ga su nan kusa kuma kowa ya san aikinsu. Wani maƙwabcinmu ma'aikacin lafiya ne ya ce ba ƙashi ne ya karye ba, a ƙwaƙwalwa abin yake, a yi maza a kai ta asibiti. A Birnin Kebbi likita ya tabbatar da shanyewar ɓarin jiki ce: jini ya kasa isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, sashen ya lalace, gefen jikin da yake sarrafawa ya mutu. Kowa ya zo a lokacin. Yaya ya hawo mota daga Legas, na Abuja ya biya kuɗin gado da magani, ƙanwata ta kwana da ni a kan tabarma a barandar asibiti. Da aka sallame mu, nas ta ja ni gefe ta ce a riƙa juya ta duk bayan awa biyu dare da rana, kada fatarta ta zauna a jiƙe, kada a ba ta abinci a kwance. Na ce to. Ban tsaya na lissafa abin da awa biyu-biyu ke nufi ga mutum ɗaya ba.

Babu wani zama da aka yi aka ce ni zan ɗauki jinyar. Mako na cika kowa ya fara haɗa jaka. Yaya ya ce, "Tunda kina gida, ai abin ya zo da sauƙi." Ƙanwata mijinta ya bugo waya. Aka yi mini addu'a, aka damƙa mini kuɗi, aka tafi. A wajenmu bazawara kamar ba ta da wani aiki ne a duniya, ko da kuwa tana da aji mai yara fiye da sittin da 'ya'ya biyu da take ciyarwa.

Bari in faɗi yadda dare yake, domin wanda bai yi ba gani yake zama ne kawai kusa da maras lafiya. Katifar Inna na ƙasa, na shimfiɗa leda a kai, sannan zanen gado, sannan wani zane na ninke shi biyu daga kafaɗarta zuwa cinya. Da wannan zanen nake juya ta: in durƙusa, in kama gefensa, in jawo ta a hankali har ta koma ɗaya ɓarin, in cusa matashi a bayanta, in sa wani tsakanin gwiwoyinta, in ɗaga shanyayyen hannun in ɗora shi a kan matashi don kada ya danne. Sannan in haska fitilar waya in duba ƙugunta da ƙasan bayanta da duga-duganta, domin nan ne gyambon kwanciya ke farawa, da ɗan ja ko duhu da ba ya gushewa. In ta jiƙe, a canza komai, a goge ta da ruwan ɗumi, a busar, a shafa man kaɗanya. Kafin in gama in wanke hannu in kwanta, rabin awa ta wuce. Barci na fara ɗaukata ƙararrawar waya ta sake bugawa. Da an yi kiran assalatu kuma wanki ke jirana, zannuwa tuli, da ruwan da na saya jarka-jarka wajen 'yan garuwa. Sai kunu. Cokali ɗaya, a jira ta haɗiye, a duba ko ya tsaya a kumatun hagu, sannan na biyu. In kunun ya yi ruwa-ruwa ya sarƙe ta, sai da kauri. Ƙaramin kofi yakan ci mana kusan awa guda. Daga nan in sa hijabi in ruga makaranta, in bar ta da 'yar maƙwabta har in dawo.

Duk da haka gyambon sai da ya fito a ƙasan bayanta, a zafin bazarar farko. Watanni ina wanke shi da ruwan gishirin asibiti ina rufewa da bandeji kafin ya haɗe. Wata 'yar'uwa da ta zo dubiya ta gani ta ce, "Ashe ba a juya ta." Na yi shiru.

Masu dubiya kansu wani aiki ne da ba a lissafawa. Zumunci ne, kuma lada suke nema, ban hana ba. Amma duk wadda ta shigo sai an shimfiɗa mata tabarma, a kawo ruwa, in lokacin abinci ne a zuba mata, a zauna a ba ta labarin ciwon tun daga farko. Ta ce ya mai jiki, Allah ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya ba ki lada, ai aljannarki kike nema. Ta tashi ta bar mini kwanukan wankewa. Na sha wannan addu'a har na fara jin nauyinta, domin duk wanda ya ce mini ke mai haƙuri ce, na san ya gama nasa ke nan, ba zai ce kawo in kama miki ba.

A shekara ta biyu hankalinta ya fara gushewa. Likita ya ce ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ne ke ci gaba da toshewa, abin da muke kira ruɗewar tsufa, kuma ba ya komawa baya. Da safe takan gane ni. Daga la'asar zuwa magariba sai ta birkice, ta kama gefen katifa tana son tashi, tana cewa, "Ku kai ni gida, Innata na jirana." Innar tata ta rasu tun kafin a haife ni. Wani lokaci Baba take nema, ta ce har yanzu Malam bai dawo daga fadama ba? Ranar da na ce mata ai ya rasu, ta yi kuka kamar yanzu aka aiko mata, gobe ta sake tambaya. Daga baya na koyi in kauce, in ce Inna, wai gyaɗa tiya nawa kike soyawa ranar kasuwa? Sai ta saki wancan ta kama wannan, ta yi ta ba ni lissafi daidai, ba kuskure.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙarar da take kai ni. In baƙi sun zo ta kama hannunsu ta rage murya ta ce, "Wagga yarinya ba ta ba ni abinci, tun jiya ban ci komi ba." Ga kofin kunun nan ban ko wanke ba. Ta ce na sace mata zannuwa, na kwashe kuɗin da ke ƙarƙashin matashi. Na san ciwo ne ke magana, amma masu ji ba duka suka sani ba, kuma magana ta fita har ta kai Legas. Yaya ya bugo yana tambayata cikin dabara ko kuɗin abinci ba sa isa. Shi kuwa in ya zo da Sallah da atamfa da ledar tsire, ta washe baki ta yi ta sa masa albarka, ta ce shi kaɗai ke tunawa da ita. Ina tsaye a bakin ƙofa da fo a hannu.

Ƙanwata ce kaɗai nake faɗa wa irin wannan, da dare bayan na juya Inna. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka yi makonni ba na jin muryarta. Zuwa kuma ba ya yiwuwa yadda take so, domin hanyar ta zama sai da addu'a, mijinta ba ya barinta ta taso da yara. A makonnin nan na gane ba ni da kowa da zan buɗe wa baki. Ƙawayena sun gaji da gayyatata biki da suna ba na zuwa, sun daina. Wani mutumin kirki ya fito neman aurena, ya ce zai jira, ya jira iya jiransa ya auri wata, kuma ban ga laifinsa ba.

Gajiyar ba rana ɗaya ta zo ba. Bayana ya fara, daga ɗaga ta zuwa kan kujerar wanka. Sai ciwon kai da ba ya jin Panadol. Sai mantuwa: in zuba gishiri sau biyu a miya, in tsaya gaban allo alli a hannu na rasa me nake rubutawa, in idar da salla ban san raka'a nawa na yi ba. Abinci ya fita raina. Hayaniyar yara kaɗan sai in ji kamar in fasa ihu, 'ya'yana suka koma tafiya da sanɗa a gidan ubana. Babbar, tana 'yar shekara goma sha huɗu, ta zama mataimakiyata ba tare da kowa ya tambaye ta ba, tana wanki kafin ta tafi makaranta, sakamakonta ya yi ƙasa. Na zama kamar rijiyar da kowa ke ɗiba ba mai yasa.

Akwai abin da masu jinya ba sa faɗa, zan faɗe shi domin na san ba ni kaɗai ba ce. Wani dare Inna ta kira ni, kira na nawa ban sani ba, ina kwance idona biyu, sai na ji zuciyata ta ce yaushe wannan abu zai ƙare. Kuma na san hanya ɗaya ce yake ƙarewa. Na tashi jikina na rawa, na juya ta, na koma bayan ɗaki na yi kuka har asuba. Tun muna Islamiyya muka haddace aya ta 23 ta Suratul Isra'i, cewa idan ɗayansu ko dukansu suka tsufa a wurinka kada ka ce musu ko "uf". Ni ga shi abin da ya fi uf ya ratsa zuciyata. Na ɗauka imanina ne ya yi rauni, na ƙara nafila, na ƙara istigfari, wato na ƙara rage ɗan barcin da ya saura. Yanzu na san cewa duk wanda aka hana barci shekara da shekaru zai ji irin wannan, ko waye shi, kuma ba ya nufin ya daina son mahaifiyarsa.

Shekarar 2023 ta ƙara mana nauyi. A farkonta takardun kuɗi suka ɓace, bayan canza fasalin naira da aka yi a ƙarshen 2022. 'Yan'uwana na turo kuɗi a banki, ina ganin alat, amma mai ruwa da mai gawayi da mai nono tsaba suke so, masu POS kuma sai ka sayi kuɗinka da kuɗi. Ba mu gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Shatar motar da ke kai mu Birnin Kebbi wajen masu gashin ƙashi na asibiti ta fi ƙarfinmu, muka daina zuwa, na ci gaba da miƙe mata hannu da ƙafa a gida yadda na ga suna yi. Famfas ɗin manya ya yi tsadar da sai da dare kawai nake sa mata, da rana mu koma tsumma, wanki ya ninka. Kuɗin da ake turowa bai canza ba, ni kuma na ji kunyar in ce a ƙara, na riƙa cikawa da albashina.

Azumin 2024 ya faɗo a tsakiyar zafi, Maris zuwa Afrilu, ga rashin wuta. Inna ba azumi a kanta, amma zafin ya sa sai an yi ta ba ta ruwa ana goge mata jiki ana fifita. Wata rana bayan azahar na sunkuya zan ɗauki bokiti, sai na farka na ga rufin wani ƙaramin asibiti na cikin gari da ledar ruwa a hannuna. 'Yata ce ta yi kururuwa maƙwabta suka kawo ni. Ma'aikaciyar da ta auna ni ta ce jinina 170 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 ake kiran sa hawan jini. Dattijuwa ce, ta ja kujera ta zauna ta ce, "Malama, awa nawa kike barci?" Tunda Inna ta kwanta ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na buɗe baki in amsa sai kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce ciwon da ya kwantar da mahaifiyata shi ne ke bina, in ban samu masu karɓata ba za a shimfiɗa katifa ta biyu a ɗakin nan, kuma 'yata ce za ta gaji mu duka biyun. Maganar 'yata ita ta shige ni.

Ban iya tara 'yan'uwana da kaina ba. Wajen Gwaggo na tafi, ƙanwar Baba, wadda ko Yaya ba ya ɗaga ido a gabanta. Na faɗa mata komai. Washegarin ƙaramar Sallah, kowa na gari, ta sa aka kira su zauren Baba, ta aika aka ɗauko limamin unguwarmu.

Yaya ya fara da cewa su ai ba su yi sakaci ba, duk wata suna turowa. Gwaggo ta ce, "Kuɗin naka su ka juya ta da dare?" Na Abuja ya ce su maza ne, ba za su iya yi wa Inna wanka ba. Gwaggo ta ce ba wanda ya ce su yi mata wanka, amma ɗagawa da juyawa da ba da kunu da zaman dare ba su da namiji ba su da mace. Auta ya ce zai turo matarsa. A nan liman ya sa baki, ya ce matar ɗa in ta yi kyautatawa ce da za a gode mata, amma haƙƙin yana kan waɗanda aka haifa, mazansu da matansu, kowa gwargwadon ikonsa. Ya kawo hadisin Salmanul Farisi da Abud Darda'i da ke cikin Bukhari, inda Salmanu ya ce masa Ubangijinka na da haƙƙi a kanka, ranka na da haƙƙi a kanka, iyalinka na da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa, Annabi (SAW) kuma ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Ya juyo gare ni ya ce, "Malama, ayar da kike tsoro ba ke kaɗai aka saukar wa ba. Ku biyar ne."

Gwaggo ba ta tsaya nan ba. Ta ce daren yau Yaya ne zai kwana ɗakin Inna, ni kuma in bi ta gidanta. Na nuna masa zanen juyawa, na saita masa ƙararrawa a waya, 'yata ta ce za ta shigo in ana bukatar canji. Da na dawo da safe na same shi zaune a dokin ƙofa, idanu jajur, rigar Sallarsa duk kunu. Bai ce mini sannu ba, bai ce yi haƙuri ba, mazanmu ba su iya wannan ba. Cewa ya yi, "Haka kike yi kullum?" Na ce haka. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce a kira sauran.

Tsarin da aka yi ba wani abin mamaki ba ne. An samu wata dattijuwa a unguwa, mijinta ya rasu, tana zuwa daga safe zuwa la'asar, wanki da wanka da abincin rana nata ne, mazan biyu na nesa ke biyanta duk wata. Darare aka raba: auta na da nasa a kowane mako, yana zuwa da matarsa in ta samu dama, ni ina da nawa, kuma akwai dararen da ba na ko leƙa ɗakin. Ƙanwata na zuwa da hutun makaranta ta karɓe ni gaba ɗaya. Na Legas da na Abuja kowa na da lokacinsa a shekara, ya zo da kansa ko ya turo wani daga gidansa. Kuɗin famfas da magani aka ware daban, ana duba farashi ana gyarawa. Aka sayi na'urar awon jini, ni da Inna muke amfani da ita. Muka ajiye littafi a kan taga, duk wanda ya ba da magani ko ya juya ta ya rubuta lokaci, wanda ya sa gardamar an ba ta ko ba a ba ta ba ta mutu. Gwaggo kuma ta sanar a dangi cewa mai zuwa dubiya ya zo da hantsi, lokacin da Inna ke cikin hayyacinta, kuma kada ya jira abinci.

An yi surutu. Har a gidan suna an ce 'ya'ya biyar sun kasa jinyar uwarsu sun ɗauko 'yar aiki. Masu faɗar haka ba su taɓa kwana biyu a jere suna juya mutum ba. Kakarmu mata huɗu da 'yan mata suka yi jinyarta, ba wanda ya kira shi gazawa. Gidajen ne suka ƙanƙance, tsofaffi kuma suna daɗewa a kwance da ciwon da a da yake ɗauke su da wuri, mu kuma muna nan muna auna kanmu da ma'aunin gidan da babu shi.

Ban warke nan take ba. Daren farko da na samu kaina, duk awa biyu sai na farka ba ƙararrawa, in zauna ina saurare. Na yi watanni ina jin kamar na yi laifi in na fita unguwa. Maganin hawan jini kuwa ya zama nawa har yau, kullum da safe, ko kaina na ciwo ko ba ya yi. Bayana bai koma daidai ba. Amma na dawo ina gane abin da nake karantawa a salla, 'yata ta koma karatunta, kuma na lura hannuna ya yi laushi a jikin Inna. Da na samu barci sai na samu haƙurin zama in saurari lissafin gyaɗarta har ƙarshe, wani lokaci har mu yi dariya.

Inna na nan da rai. Ba ta gane kowa yanzu sai jefi-jefi, abincinta ya ragu, ba ta kai ƙarata kuma domin maganar ma ta yi ƙaranci. Tsarin namu yana tafiya yana tuntuɓe. Auta in aikin fadama ya taso sai an bi shi da waya. Dattijuwar ta taɓa yin fushi ta tafi, sai da Gwaggo ta je biko. Watan jiya lokacin Yaya ne, ya bugo ya ce kasuwa ta cushe ba zai samu tasowa ba, zai ninka abin da yake turowa. A da sai in ce ba komai, Allah ya kawo kasuwa. Na ce masa Yaya, kuɗin ka turo, amma ka haɗo su da mutum. Ya yi shiru, ya ce zai duba. Ranar Talata babban ɗansa ya sauka a Jega daga motar albasa da ta dawo ba kaya, na nuna masa zanen da littafin, na ɗauki matashina na koma ɗakin yara.